Hotunan da Na Karɓa Amana

Wurno, 22 ga Agusta, 2021

Zuwa ga ɗiyata Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lahiya kamar yadda muke nan lahiya. Ciwon gwiwata ya yi sauƙi. Damina ta yi kyau bana, gero ya fidda kai, sai dai mutanen Magarya ba su iya zuwa gonakin nesa saboda ɓarayin daji. Kawunki Sa'adu yana gaishe ki. Shi zai ɗauki hoton wagga takarda da wayarshi shi tura maki kamar kullum. Na san kin fi son in riƙa aiko maki murya, to ni ba ni so. Abin da na rubuta da hannuna ba ni iya musun shi gobe, kuma haka nike so ki saba.

Ga hotunan da kinka roƙa, goma sha ɗaya. Kin ce malamarku ta zane ta ce kowa shi zana matan garinsu suna aikinsu. Ki sani ban same su da sauƙi ba. Sati uku na yi ina bin gidajen ɗalibaina na makarantar matan aure, wayar kawunki a hannuna, don ba zan bari namiji shi ɗauke su ba. Laraba tana zaɓen albasa. Sadiya tana sheƙar shinkafa. Raihana matar Alhaji Mode tana bandar kifin da ake kawo mashi daga dam ɗin Goronyo. Ita sai da munka jira Alhaji ya fita kasuwa, don kin san halinshi, in ba makaranta za ta ba, ko zaure ba ya barin ta leƙa.

Akwai wadda ba ki sani ba, Halimatussa'adiya. 'Yar Shinaka ce, ta dawo nan wurin yayarta bayan an kashe mata miji an ƙone gidansu. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Sau biyu tana ƙi, sai rana ta uku ta yarda, ta ce don ni ce kawai. Na ɗauke ta tana juye ruwa daga tulu zuwa randa. Ta goma sha ɗaya ni ce, tunda kin nace.

Ga abin da na gaya wa kowaccensu: malamarki mace ce, ita kaɗai za ta gani, in ta gama duba aikin ki goge hotunan, zanen kuma ki rufe shi a akwatinki. Da bakina na faɗi, a ɗakunansu. Shekara goma sha tara ina karantar da matan garin ga, ba a taɓa kama ni da magana biyu ba. Ki riƙe wannan.

Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki duba abin da kike ci. Allah shi yi maki albarka.

Innarki,
Juwairiyya

Milano, 24 ga Satumba, 2021

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina lahiya, sai mura da na yi ta wuce. Kwana uku ina kiran lambarki da ta Kawu ba su shiga. Na ji a labarai an yanke waya a Wurno da Rabah da Goronyo saboda ɓarayi. Na tura wagga takarda dai, in Kawu ya shiga Sakkwato da albasa zai gan ta.

Hotunan sun iso, na gode, Allah shi bar mani ke. Na yi kuka da na ga hannuwan Inna Laraba.

Inna, akwai maganar da nike so ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi. Kin san kwana biyu a sati ina aiki a wani gidan tarihi, muna koyon gyaran tsofaffin zane. Can anka nuna muna wasu katuna da anka zana da hannu fiye da shekara ɗari biyar da sunka wuce. Nan suna ce masu tarokki. Kowane ya kai tsawon tafin hannu da 'yan yatsu. Bayan hoton an shimfiɗa zinariya wadda anka buga har ta yi siriri kamar ɓawon albasa, an bi ta da tsinke an yi mata ado ɗigo-ɗigo. In kin karkata katin sai haske ya gudana a kanshi. Ba a taɓa su sai da safar hannu.

Akwai manya ashirin da biyu, kowane da sunanshi. Akwai Wawa mai yagaggen wando da gashin kaza a kai. Akwai Tsoho mai sanda. Akwai Rana da Wata da Tauraruwa. Akwai Mutuwa, ƙashi zalla bisa doki. Akwai Adalci, mace zaune da sikeli a hannu ɗaya da takobi a ɗaya. Akwai wata mace tana juye ruwa daga wannan buta zuwa waccan ba ta zubar da ko ɗigo ba, ita ake nufi da haƙuri da tsayawa tsakiya. Da na gan ta sai da na zauna, don ranar na gama kallon hoton Halimatussa'adiya da tulunta.

Asalinsu na wasa ne, Inna, sarakunan ƙasar ga sunka sa a zana masu, ana cewa har da fuskokin mutanen gidansu a ciki. Sai daga baya, bayan ɗaruruwan shekaru, wasu sunka mai da su abin duba. Ni ba ruwana da wannan. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, matan sarakunan nan sun mutu tun tuni amma har yau ana layi a kalle su. Mi ya sa ba za a kalli namu ba? Sai na zana katuna ashirin da biyu. Goma sha ɗaya ke ce da matan ajinki, sauran kuma irin su dam da kogin Rima da rumbu da kwalekwale. Na sa masu suna Matan Rima.

Malamata ta nuna wa wani dattijo mai ƙaramar maɗaba'a, wanda ke buga irin waɗannan katuna don masu tara su. Ya ce bai taɓa ganin irin nawa ba. Yana so shi buga ɗari uku, a nuna su a wani baje koli a watan gobe. Na tuna alkawarin da kinka yi masu, shi ya sa nike neman izininki. Yana jiran amsata kafin goma sha biyar ga Oktoba. Don Allah ki amsa mani.

Ɗiyarki,
Nafisa

Milano, 19 ga Oktoba, 2021

Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lahiya da Kawu da kowa. Har yau saƙona bai nuna an buɗe shi ba. Kullum ina duba wa.

Ranar ta zo ban ji daga gare ki ba. Dattijon ya ce in ban sa hannu ba sai baɗi, ni kuma baɗi takardun zamana sun ƙare. Na yi tunani, na ga da kin ga yadda sunka yi kyau da ba ki hana ni ba. Na sa hannu. An buga, an buɗe baje kolin shekaranjiya. Mutane sun tsaya gaban katinki sun daɗe. Ke na sa a Adalci, don ban san wadda ta fi ki cancanta ba.

Masu sayen nan tsofaffi ne, a akwatin gilashi suke ajiyewa. Babu wanda zai gani a gida.

Nafisa

Wurno, 6 ga Nuwamba, 2021

Nafisa,

Assalamu alaikum. Muna lahiya. Kawunki ya yi zazzaɓi ya warke. An hana cin kasuwannin ƙauye, hanyar Achida kuma ba kullum take biyuwa ba, shi ya sa sati shida bai shiga Sakkwato ba. Jiya ya shiga. Takardunki biyu sun faɗo mashi lokaci guda, ya kawo mani na karanta. Amma ba su na fara gani ba.

A kasuwar albasa ya haɗu da Uwaisu, ƙanen Alhaji Mode da ke zaune birni. Uwaisu ya ja shi gefe ya ce, "Sa'adu, wagga ba matar yayana ce ba?" Ya nuna mashi wani bidiyo da ke yawo a wayoyin 'yan makaranta, wai ana alfahari 'yar Wurno ta yi suna Turai. Kawunki ya roƙe shi ya tura mashi, ya kuma roƙe shi don Allah kada shi nuna wa kowa na ɗan lokaci.

Bari in gaya maki abin da na gani, tunda ke kin ce a akwatin gilashi ake ajiyewa. Wata Baturiya ce, zobba a kowane yatsa, ta kunna kyandir da turare, ta shimfiɗa ƙyalle. Tana gauraya katuna kamar 'yan karta na bayan tasha. Wata ta aiko mata tambaya kan saurayin da ya gudu ya bar ta. Turancin da na yi a sakandaren 'yan mata a Rabah bai tsere mani ba, na ji komi. Ta buɗe na farko, Raihana, ɗankwali ya zame, wuyanta a fili, kin zuba mata zinariya a baya. Ta buɗe na biyu, ni, da sikeli. Ta buɗe na uku, Halimatussa'adiya da tulunta. Sai ta buga katin da farce ta ce, wannan matar tana gaya maki ki yi haƙuri, masoyinki zai dawo gare ki.

Matar da anka harbe wa miji a ƙofar rumbu, ita ke yi wa 'yan iskan duniya albishir masoyi zai dawo. Kawunki ya juya baya ya fita, ni na kalla sau uku don kada in yi maki ƙazafi.

Kin rubuta mani shafi guda kan zinariya da sarakunan da sunka mutu. Na karanta. Na yarda suna da kyau, na yarda kin iya zane, tun kina ƙarama kike ɓata mani bango da gawayi. Na yarda asalinsu wasa ne. To mi ya shafe ni da asalinsu? Kin sani da bakinki yau duba ake yi da su, kin rubuta, sannan kinka ce ba ruwanki. Wanda ya sassaƙa turmi ya san daka za a yi a ciki. Duk Asabar ina tsaye gaban matan nan ina gaya masu babu mai sanin gaibu sai Allah, ina hana su zuwa wurin mai bugun ƙasa ko da ɗa ne ya ɓace. Na raba wasu da layun da sunka gada. Yau ga fuskata a hannun 'yar duba, ana tambayata gobe.

Amma ko wannan ba shi ya fi ci mani rai ba. Kin nemi izini, na gani. Kin san waya a yanke take, ke da kanki kinka faɗi a layin farko. Kin san ban ji ba. Da na ji na yi shiru, da sai ki ce shiruna amsa ce. Ke kin aika tambaya inda kinka tabbata babu mai amsawa, kinka ajiye ta shaida. Wannan ba kuskure ba ne, Nafisa, dabara ce, kuma ba a gidana kinka koye ta ba. Ko da na ji ma, izinin ba nawa ba ne. Fuska goma ba tawa ba ce.

Babanki, Allah shi jiƙan shi, 'yan'uwanshi sun ce kada a bar ki ki tafi. Ni na tsaya. Na ce na san abin da na haifa.

Yanzu abin da ya rage tsakanina da tozarci shi ne wayar nan da anka yanke. Ranar da anka maido ta, kafin la'asar kowane gida a Wurno ya gani. Ki gaya mani nawa anka sayar, nawa sunka rage, kuma mi za a iya tsayarwa. Kawunki zai shiga birni gobe shi tura maki wagga, shi koma ranar Talata shi karɓo amsarki. Kada ki yi mani kwalliyar magana.

Juwairiyya

Milano, 8 ga Nuwamba, 2021

Inna,

Ina gaishe ki. Ban iya cin abinci ba tun da na karanta.

Ga gaskiya. An sayar da ɗari da ashirin da bakwai. Sauran na je na karɓo, suna ɗakina cikin kwali. Dattijon bai so ba, amma ya yarda ba zai sake bugawa ba, an kuma sauke na baje kolin. Waɗanda anka saya ba su dawowa, wasu sun tafi ƙasashen da ban ma sani ba. Na rubuta wa matar bidiyon, ta cire nata, ta ce ba ta san mutane ne masu rai ba. Amma wasu sun riga sun kwafa.

Abin da kinka ce kan tambayar da na aiko, na so in musa, na kasa. Da na ga saƙon bai buɗu ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Ki gafarta mani.

Wallahi ba don in wulaƙanta su na yi ba. Sati guda na yi a kan hannun Halimatussa'adiya kaɗai. Shekara uku ina nan ana tambayata daga ina nike, in na ce Sakkwato sai a ce wurin ɓarayin nan. Na so su ga wani abu dabam.

Inna, ina da shawara. Bidiyon nan kwana kaɗan zai yi a manta da shi. Mai yiwuwa kafin a maido waya ya nutse. Yawancin matan ba su da babbar waya. In Kawu ya lallashi Uwaisu, wataƙila babu wanda zai sani har abada. Kada ki tada abin da zai kwanta da kanshi, ki rasa makarantarki saboda ni.

Ɗiyarki mai neman gafara,
Nafisa

Wurno, 21 ga Nuwamba, 2021

Nafisa,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. An fara dashen albasa a fadama. Ki ci abinci, yunwarki ba ta gyara wa kowa komi.

Na karanta takardarki har na fara saukowa, sai na kai shawararki. Wato kin ci amanarsu ban sani ba, yanzu kina so in ci da sanina, in riƙa tsayawa gabansu duk Asabar ina karanta masu hadisin munafuki. Na mai da wa kawunki wayarshi, na yi kwana biyu ban sake duba takardar ba.

Asabar ta satin da ya wuce, bayan mun shafa fatiha, na ce waɗanda na ɗauka hoto su tsaya. Na rufe ƙofa na gaya masu komi, na miƙa masu wayar kawunki tana zagayawa. Ban ce an yaudare ni ba. Na ce ni na yi alkawarin abin da ba ya hannuna, kuma ni na jira mijin wata ya fita sannan na shiga gidanshi da waya. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba naki ba.

Laraba ce ta fara magana, kin san bakinta. Ta riƙe wayar nesa da ido ta ce, "To Malama, ni mi nike faɗa ma Turawan? Arziki ko tsiya? In arziki na, su aiko man da rabona, albasa ta ruɓe bana." Biyu sunka yi dariya, sai dariyar ta mutu, don Raihana ta ga wuyanta. Ta ɗora hannu a kai ta ce, "Malama, kin kashe ni. Ke kinka ce in bari ɗankwalin hakanan, mace ce za ta gani." Gaskiya ta faɗi, ni na ce mata haka.

Da kowa ya gama, wayar ta kai hannun Halimatussa'adiya. Ta daɗe tana kallon kanta cikin zinariyar nan. Sannan ta ce, "Mi Baturiyar ke cewa da ta nuna ni?" Na so in ce ban ji ba. Na gaya mata yadda yake. Ta ce, "Zai dawo?" Na ce haka ta ce. Ta ce, "Ni na wanke tabarmar da anka ɗauko shi a kai." Ta miƙa mani wayar da hannu biyu, ta ɗauki izunta da take bita, ta sa takalmi ta fita. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mani.

Ban bar Raihana ta gaya wa mijinta ba, ni na je tare da kawunki. Alhaji Mode ya bar mu tsaye a zaure. Ya ce, "Malama, da ɓarawo ya hauro katanga da na san abin da zan yi mashi. Ke da sallama kinka shigo." Bai sake ta ba, alhamdu lillahi, amma ta bar makaranta, kuma ya kai magana gun Malam Abdulƙadir wanda ya ba mu ajin. Malam ya kira ni ya ce in ɗan huta zuwa bayan azumi a ga yadda gari zai yi. Jiya ita ce Asabar ta ƙarshe. Cikin mata arba'in da huɗu, tara sunka zo. Na karantar da su kamar kullum, na miƙa makulli.

An maido waya shekaranjiya. Bidiyonki da kinka ce zai nutse ya riga ni isa rijiya.

Kin nemi gafarata. Nawa haƙƙin na uwa na yafe, don ba ni so ki gamu da Allah da shi. Amma kada ki ɗauka mun koma yadda muke. Nan gaba in kin gaya mani abu, sai na bincika, kuma ban taɓa zaton zan rubuta wa ɗiyata haka ba. Katunan da ke ɗakinki ki ƙone su, na hannunki na asali ma, har da nawa.

Saura haƙƙin mutum goma, wanda ba ni da ikon yafewa. Ki rubuta wa kowace takardarta dabam, da hannunki, da sunanta a sama. Kada ki kawo masu labarin sarakuna ko zinariya, kada ki gaya masu yadda kinka so a ga kyawunsu. Ki faɗi abin da kinka yi, ki faɗi kin san an yi masu alkawari, ki faɗi cewa ɗari da ashirin da bakwai suna hannun mutane ba su dawowa. Ni zan kai, gida gida, in an bar ni na shiga.

Ki fara da ta Halimatussa'adiya. Ba ta karatun boko, ni zan zauna gabanta in karanta mata. Zan karanta yadda kinka rubuta, ba zan gyara maki ko harafi ɗaya ba.

Innarki,
Juwairiyya